DARASI: ABIN DA ƘASA TA ƁOYE DA ABIN DA MAƘARYATA SUKA BINNE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halakar da al'ummu Ya bar kufansu domin masu hankali su yi tunani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa matasa, kwanakin baya bayan mun tashi daga karatu wani saurayi ya tare ni a bakin masallaci, jikinsa na ɓari saboda murna. Ya ce, "Malam, an gano mutanen Adawa!" Ya miƙo mini waya. Na duba, sai ga hoton wani ƙwarangwal mai girman gaske, kansa kaɗai ya fi mutum tsawo, ga wani ɗan taliki tsaye a gefensa da shebur. Na ce masa, "Wa ya tono shi? A wane wuri? Yanzu yana ina?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Ai a waya aka turo mini, ni ma na tura wa mutum ya fi talatin."

Wannan shi ne dalilin darasinmu na yau. Za mu duba wasu abubuwa na gaskiya da aka tono a ƙasashen annabawan Banu Isra'ila, wato Falasɗinu da Masar da Iraƙi, mu kuma duba wasu na ƙarya masu ban dariya, domin mu san yadda ake bambance tsaba da tsakuwa.

1. YADDA AKE SANIN SHEKARUN ABIN DA AKA TONO

Kowa ya san kufai. To, a waɗannan ƙasashe idan yaƙi ko gobara ta ci gari, waɗanda suka zo daga baya sukan baje ɓaraguzan su yi gini a kai. Haka ake yi ƙarni bayan ƙarni har wurin ya zama tudu, wanda Larabawa ke kira tall. Idan masu tonon tarihi suka yanka irin wannan tudun sai su tarar da shi hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Kowane hawa yana da irin tukwanensa, domin ƙirar tukunya takan canja daga zamani zuwa zamani kamar yadda ɗinkin riga yake canjawa. Saboda haka tsingaro, wanda mu muke shurewa da ƙafa, a wurinsu shaida ne.

Akwai kuma awon da ake kira kabon 14, wanda wani Ba'amurke mai suna Willard Libby ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana ɗauke da wannan sinadari. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa yakan tafi cikin kimanin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a jikin fata ko itace ko ƙashi, sai a ƙiyasta lokacin da abin ya mutu. Ku riƙe wannan: abin da aka cire daga muhallinsa ba tare da shaidu ba, ya zama kamar hadisin da ba shi da isnadi.

2. MAKIYAYI DA TULUNAN ƘUMRAN

Tsakanin ƙarshen 1946 da farkon 1947 wasu makiyaya Larabawan ƙauye 'yan ƙabilar Ta'amira suna kiwo a duwatsun Ƙumran, kusa da Tekun Gishiri wanda Larabawa ke kira Bahrul Mayyit. Kamar yadda aka ruwaito, ɗayansu ya jefa dutse cikin wani kogo, sai ya ji ƙarar fashewar tulu. Wani saurayi daga cikinsu, Muhammad az-Zi'ib, ya shiga yana sa ran zinariya. Abin da ya tarar shi ne tuluna, a cikinsu tsofaffin fatu naɗaɗɗu masu rubutu.

Ina za a kai tsohuwar fata? Wurin baduku mana! Fatun suka ƙare a hannun wani mai gyaran takalma a Baitalami da ake kira Kando, wanda yake taɓa cinikin kayan da. Shi ya sayar da guda huɗu ga wani babban limamin Kiristocin Siriya a Ƙudus a kan fam 24. Limamin ya tafi da su Amurka ya rasa mai saye, har a ranar 1 ga Yuni 1954 ya ba da 'yar talla a jaridar Wall Street Journal, cikin shafin da ake tallan kayan sayarwa iri-iri. Aka saye su dala 250,000. Kun ji ribar da makiyayi bai gani ba.

Zuwa 1956 an gano koguna 11 masu rubuce-rubuce, aka tattara ɓurɓushin littattafai sama da 900. Mafi shahara shi ne littafin Ishaya, mai tsawon fiye da mita 7, wanda aka rubuta wajen ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Cikakken kwafin littattafan Yahudawa da harshen Ibrananci mafi tsufa da ake da shi shi ne wanda aka kammala a 1008 miladiyya. Wato a dare ɗaya aka koma baya da shekara dubu da ɗoriya.

To me aka gani a ciki? A nan sai mu yi adalci, domin adalci wajibi ne ko a kan wanda muka saɓa da shi. Wasu kwafin sun yi kusa ƙwarai da abin da ke hannun mutane yau. Wasu kuma sun bambanta. An sami kwafin littafin Irmiya wanda ya fi na yanzu gajarta. An sami kwafin littafin Sama'ila da ya ce tsawon Jaluta, wanda Annabi Dawuda (A.S.) ya kashe, kamu huɗu ne da taƙi, alhali sanannen nassin Ibrananci ya ce kamu shida da taƙi. Wanda ya ce ba a sami bambanci ko ɗaya ba ya yi ƙari. Wanda ya ce an sami sunan Annabinmu (S.A.W.) a cikin fatun Ƙumran shi ma ya yi ƙari, ko da kuwa ɗan'uwanmu ne kuma yana nufin alheri.

3. DUTSEN DA YA AMBACI GIDAN DAWUDA

An daɗe wasu malaman jami'o'in Turai suna cewa Dawuda tatsuniya ce, tun da ba a taɓa ganin sunansa a wani tsohon rubutu ba sai a littattafan addini. Ana nan sai a 1993, a wani tudu da ake kira Tel Dan, Larabawa kuma suna kiransa Tallul Ƙadi, wata ma'aikaciyar awo ta hango rubutu a jikin wani dutse da aka yi gini da shi. Shugaban aikin shi ne Avraham Biran. A 1994 aka ƙara samun gutsure biyu. Rubutun da harshen Aramiyanci ne, na ƙarni na tara kafin Annabi Isa (A.S.). Wani sarki ne na yankin Sham yake alfahari da nasarar yaƙi, a ciki ya ambaci gidan Dawuda, wato zuriyar da ke sarauta a Ƙudus. Abin lura, maƙiyi ne ya rubuta. Mafi yawan masana sun yarda da wannan karatun.

Amma ku tsaya, kada murna ta kwashe ku. Dutsen ya nuna an yi gidan sarauta mai wannan suna. Bai ce Dawuda annabi ne ba, bai ce an ba shi Zabura ba. Wannan ta hanyar wahayi muka sani, kuma mun yi imani da shi tun ba a tono dutsen ba. Shebur yana iya tono bango da tulu da hatimi, amma annabci ba ya cikin abin da shebur ke kaiwa gare shi.

4. MUTUMIN DA MURNA TA SA YA FARA TUƁE RIGA

A tsallaken kogin Dijla daga birnin Mosul akwai kufan Ninawa, garin mutanen Annabi Yunusa (A.S.). A tsakiyar ƙarni na 19 aka tono dubban alluna na yumɓu a fadar sarakunan Assuriya da ke can, aka kwashe su zuwa gidan adana kayan tarihi na Landan. Wani saurayi mai suna George Smith, wanda bai yi jami'a ba, sana'arsa ta farko zanen faranti na buga takardun kuɗi, ya koyi karanta wannan rubutu da ƙoƙarin kansa. A 1872 ya ci karo da wani allo mai labarin ruwan ɗufana: an umarci wani mutum ya sassaƙa jirgi, ya ɗauki iyalinsa da dabbobi, ruwa ya shafe ƙasa, jirgin ya tsaya a kan dutse, ya saki tsuntsaye su dubo ko ruwa ya janye. Wani ma'aikacin gidan ya ba da labari daga baya cewa da Smith ya gane abin da yake karantawa sai ya zabura yana kewaye ɗakin, har ya fara tuɓe tufafinsa, mutane suna kallo baki buɗe.

Labarin da ke allon cike yake da shirka, alloli barkatai suna gardama da juna. Duk da haka ya nuna cewa mutanen Iraƙi na da can sun riƙe labarin wani babban ruwa da wani jirgi. Darasin da ke nan gare ku shi ne naci. Wannan yaro lokacin hutun cin abincinsa yake zuwa yana duba alluna. Kai kuma Larabci, harshen Littafinka, shekara nawa kana cewa sai an sami lokaci?

5. FIR'AUNA DA KANWA

A 1896 Flinders Petrie ya tono wani babban dutse a kudancin Masar, na sarki Marnafta ɗan Ramsis na Biyu, wanda aka rubuta wajen shekara 1208 kafin Annabi Isa (A.S.). A ƙasan rubutun an ambaci Isra'ila a matsayin wata jama'a. Shi ne ambato mafi tsufa na wannan suna da aka samu a wajen littattafan addini. Gawar Ramsis an same ta a 1881, ta Marnafta kuma a 1898.

A 1976 aka ga wata irin fumfuna tana cin gawar Ramsis, sai aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Faris domin magani. A filin jirgi sojojin Faransa suka yi mata faretin girmamawa irin na shugabanni. Mutum ya shekara fiye da dubu uku da mutuwa, ana sara masa! Har akwai hoton fasfo da ke yawo wai nasa ne, da hoton busasshiyar fuskarsa a jiki. Wannan hoton wani ne ya zana shi a kwamfuta domin ƙawata labari.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Sau da yawa za ku ji mai wa'azi yana rantsuwa cewa gawa kaza ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa (A.S.), hujjarsa wai an sami gishiri a jikinta, alamar nutsewa a teku. 'Yan'uwa, Misirawan da, da kanwa suke busar da gawa. I, kanwa, irin wadda kuka sani. Sukan binne gawar a cikinta kwana da kwanaki har ta bushe, kuma kanwar tasu tana haɗe da gishiri. Ke nan gishiri a jikin irin wannan gawa ba abin mamaki ba ne, wanda ya nutse da wanda ya mutu a gadonsa duk ɗaya. Likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille, wanda littafinsa ya fito a 1976, ya karkata ga Marnafta. Wasu sun ce Ramsis ne, alhali binciken gawarsa ya nuna tsoho ne tukuf mai kimanin shekara 90, da ciwon gaɓoɓi da ruɓaɓɓun haƙora. Alƙur'ani a Suratu Yunus, aya ta 92, ya ba da labarin tsirar da jikin Fir'auna domin ya zama aya ga na baya. Wannan gaskiya ne, mun yi imani. Amma Allah bai faɗi sunansa ba, Manzo (S.A.W.) bai faɗa ba. Wanda ya nuna wata gawa ya ce tabbas ita ce, ya faɗi abin da ba shi da dalili a kai.

6. KASUWAR MAƘARYATA

Wani mai sayar da taba a Amurka, George Hull, wanda bai yarda da addini ba, ya yi musu da wani mai wa'azin Kirista a kan ƙattin mutanen da aka ambata a Baibul. Sai a 1868 ya sa aka sassaƙa masa mutum na dutse mai tsawon kimanin mita 3, aka zuba masa ruwan batir aka tsattsaga shi da allurai don ya yi kama da tsohon abu, ya binne shi a gonar wani ɗan'uwansa a ƙauyen Kadif cikin jihar Niyok. Bayan shekara guda, a Oktoba 1869, aka kira masu haƙar rijiya aka nuna musu daidai wurin. Suna haƙa sai ga ƙato! Jama'a suka yi ca, kowa yana biyan santi 50 ya leƙa. Wani mai wasannin nishaɗi, P. T. Barnum, ya nemi ya saya aka hana shi. Sai ya sa aka yi masa irinsa, ya shelanta cewa nasa ne na gaskiya, wancan jabu ne. Magana ta kai kotu, jabu yana ƙarar jabu. Ƙarshe dai Hull ya fito ya faɗi abin da ya aikata.

A 1993 gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wani mutum, George Jammal, riƙe da guntun itace, wai ya ɓallo shi daga jirgin Annabi Nuhu (A.S.) a dutsen Ararat na ƙasar Turkiyya. Miliyoyin mutane suka kalla. Daga baya ya bayyana cewa bai taɓa hawa dutsen ba. Itacen a Kalifoniya ya tsinto shi, ya jiƙa shi da kayan miya, ya gasa a murhun gidansa har ya yi baƙi. Da an shinshina ma da an ji ƙanshin girki. Mu kuma mun sani daga Suratu Hud cewa a kan Judiyyu jirgin ya daidaita, kuma har yau babu wanda ya kawo katako ɗaya da masana suka tabbatar na jirgin ne.

Kada ku ce jahilai kaɗai ake cuta. Gidan adana kayan tarihin Baibul da ke Washinton ya mallaki gutsattsarin fata 16 da aka sayar da sunan na Ƙumran ne. A Maris 2020 aka bayyana sakamakon bincike: duka 16 jabu ne. Fatar tsohuwa ce, amma tawadar sabuwa, domin an ga ta kwarara cikin tsagar da fatar ta yi bayan ta tsufa. Me ya jawo? An karɓi kaya daga 'yan kasuwa ba tare da sanin ramin da suka fito ba.

To mu koma ga ƙwarangwal ɗin ɗan'uwanmu. Asalinsa hoto ne na wani wuri a jihar Niyok inda aka tono ƙasusuwan wata dabba mai kama da giwa a shekara ta 2000. A 2002 wani mai zane ya ɗora hoton ƙashin mutum a kai, ya shiga da shi gasar haɗa hotuna a intanet, ba da nufin yaudara ba. Zuwa 2004 wasu suka laƙa masa labari cewa masu neman mai ne suka tono shi a hamadar Rub'ul Khali ta Saudiyya, wai Adawa ne, wai hukuma ta ɓoye. Fiye da shekara ashirin ke nan yana yawo a hannun Musulmi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mu muke ta ƙara masa faɗi.

7. MATSAYIN MUSULMI

Wani zai ce, "Malam, to mene ne laifi, tun da abin yana ƙara wa mutane imani?" Laifin babba ne. Na farko, ƙarya haramun ce, kuma yi wa addini ƙarya ya fi muni. Da wannan hujjar ce ta "ƙara imani" waɗansu suka ƙirƙiri hadisai na falala, malaman Sunna kuma ba su ɗaga musu ƙafa ba. Na biyu, yaron da ya gina imaninsa a kan hoton jabu, ranar da wani ya nuna masa asalin hoton a aji ko a wurin aiki, me zai faru da zuciyarsa? Zai fara tambayar kansa ko sauran abin da malamai suka gaya masa ma haka ne. Na uku, kana ba masu sukar Musulunci sanda da hannunka.

Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa hadisin da ke nuna cewa baza duk abin da mutum ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata. Game da labaran Ma'abota Littafi kuwa, malamai irin su Ibn Kasir sun kasa su uku: wanda ya dace da abin da ke hannunmu, mu karɓa; wanda ya saɓa, mu ƙi; wanda shari'a ta yi shiru a kansa, kada mu gaskata kada mu ƙaryata. Mu ne al'ummar isnadi. Magabatanmu sukan yi tafiyar wata guda domin tantance mai ruwaya ɗaya. Abin kunya ne jikokinsu su zama su ne kan gaba wajen tura abin da ba su san tushensa ba.

Saboda haka duk lokacin da aka kawo maka labarin an tono wani abu, yi waɗannan tambayoyi:

1. Wa ya tono shi, da sunansa da wurin aikinsa?
2. A wane wuri, a wace shekara, a gaban wa?
3. Yanzu yana ina, kuma wasu masana da ba abokansa ba sun duba shi?
4. Me abin ya nuna da kansa, me kuma mai labarin ya ƙara?
5. Wa zai sami kuɗi ko suna idan aka yarda?

Idan an ce maka "hukuma ta ɓoye" ko "Turawa ba sa so a sani", kuma babu suna babu wuri, to riƙe hannunka. Idan ka riga ka tura, koma wurin waɗanda ka tura wa ka ce ka yi kuskure. Ɗan'uwan nan namu haka ya yi, mutum talatin ɗin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Allah Ya saka masa da alheri. Kuma idan kuna tattauna waɗannan abubuwa da maƙwabtanku Kiristoci a makaranta ko a kasuwa, ku yi da ilimi da ladabi, ku faɗi abin da aka samu yadda yake, wanda ya yi muku daɗi da wanda bai yi ba.

Ina kuma kira ga masu ƙoƙari daga cikinku da su nemi wannan ilimi na tarihi da harsunan da. Mafi yawan abin da muka lissafa a nan, a ƙasashen da Musulmi suke zaune aka tono shi, amma wasu ne suka karanta shi suka gaya mana abin da ke ciki. Allah Ya yi umarni a wurare da yawa cikin Littafinsa da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Ramsis ya yi mulki shekara 66, ya cika Masar da gumakan kansa. Yau yana kwance cikin akwatin gilashi a Alƙahira, 'yan makaranta suna wucewa suna leƙensa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Ya tsare harsunanmu da hannayenmu daga yaɗa abin da ba mu da ilimi a kai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.